Asid Ɗin Babanta

Ana gobe sadakar arba'in ɗin Ya'u, gidan Hajja da ke Ƙofar Dumi ya tashi da aiki tun da sassafe. An cika duro da randuna biyu da ruwa, an jiƙa gero, an dafa zoɓo an juye a babbar roba an kai inuwa ya huce. Kubura, matar marigayin, tana ɗaki tana takaba. Ba a sa ta aikin tsakar gida ba. An dai ba ta tiren shinkafa tana tsincewa, ita da Goggo Saude, ƙanwar Hajja da ta zo daga Miri.

Ya'u mai gyaran batir ne, zauren gidan shi ne shagonsa. Mota ce ta buge shi a kan mashin, bai kai la'asar ba. Ya bar uwarsa Hajja, da matarsa, da 'ya ɗaya, Bintu, 'yar shekara shida.

Kubura ba ta taɓa kiran sunan yarinyar nan ba. 'Yar fari ce, kuma a gidansu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta tashi don ya yi kuka. Sai dai ta ce "ke", ko "'yar Hajja". Tun da aka yaye Bintu a ɗakin Hajja take kwana, ita kuma tana kiran uwarta Adda, kamar wata yayarta.

Sana'ar Kubura sabulu ce. Takan jiƙa soda a ruwa ta bar ta ta kwana a galan, washegari ta haɗa da man kwakwar manja. Ranar da aka shigo da gawar Ya'u akwai sodar da ta jiƙa, ba ta kuma sake waiwayarta ba. Galan ɗin yana nan a gindin rumfa kusa da murhu, kwana talatin da tara.

Lokacin da ta fara sana'ar, Ya'u ya taɓa kiranta zaure da rana tsaka, babu kowa. Ya ɗebo zoɓo a kofi biyu.

Ya ce, "Zo ki ga abu, sarkin sabulu."

Ya tsoma tsinke a ruwan batir ya ɗiga a kofi ɗaya. Zoɓon ya ƙara ja, ya yi wal kamar jinin rago. Ya sake tsinke ya tsoma a sodarta ya ɗiga a ɗayan. Nan take ya rikiɗe, ya koma kore mai duhu kamar miyar kuka.

"Dangi biyu ne," in ji shi. "Akwai masu tsami. Tsamiya, lemun tsami, yakuwa, babban yayansu shi ne ruwan batir ɗina. Akwai masu santsi. Toka, kanwa, babbar yayarsu ita ce sodarki. Kuma taki ta fi nawa mugunta, kin ji na gaya miki. Nawa in ya ƙona mutum yakan tsaya a sama. Taki narka nama take tana shiga ciki, yadda take narka mai ya zama sabulu."

Sai ya riƙa ɗiga wannan a cikin wancan kaɗan-kaɗan, ya ce ta taɓa gindin kofin. Ta taɓa ta ji zafi. Ya ce in suka haɗu kashe juna suke, in aka shanya abin da ya rage za a ga farin gishiri, amma ba na miya ba.

Ta ce, "To in ya zubo wa mutum fa? Sai a nemo abokin gabansa?"

"Ba ki ji zafin kofin ba? Kada ki kai faɗan nan jikin mutum. Ruwa. Ruwa kawai, har ki gaji, in kin gaji ki ƙara."

"Ji malami. Kai da ko sakandare ba ka gama ba."

Ya yi dariya ya naɗe hannun riga ya nuna mata tabon da ke damtsensa. "Ga makarantar da na gama."

To da safiyar nan Hajja ta ce a share zaure, nan maza za su zauna addu'a. Ita da kanta ta kwaso kayan ɗanta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Cikin kayan akwai galan ɗin ruwan batir. Ta kawo shi gindin rumfa, ta tarar da wani galan a wurin, rawaya kamarsa, tsayi ɗaya. Wurin ya yi ƙunci, sai ta ɗaga ɗaya ta ɗora a kan benci. Ba ta duba wanne ta ɗaga ba, ba ta kuma lura murfinsa ya tsage ba.

Wajen ƙarfe goma Kubura ta ji ƙarar faɗuwar abu, sai ihun Bintu.

Ta yunƙura. Goggo Saude ta dafa mata gwiwa.

"Ina za ki? Kakarta tana waje. Faɗuwa ta yi, yau ta fara?"

Kubura ta koma ta zauna. Ta sa yatsa cikin shinkafa ta tsinci tsakuwa ɗaya ta ajiye a gefe. Ihun bai yi kama da na faɗuwa ba. Kukan faɗuwa yakan hau ya sauko, yaro ya ja numfashi ya jira a lallashe shi. Wannan ba ya saukowa. Ta ji Hajja tana salati. Ta ji an jawo ƙaramin turmi, an fara daka wani abu mai tauri, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ta tsinci tsakuwa ta biyu. Goggo tana ba ta labarin wata mata a Miri da aka yi wa arba'in da shinkafa buhu biyu, Kubura ba ta jin ko kalma ɗaya.

Sai muryar yarinyar ta fito da magana. "Idona! Hajja idona! Wuta!"

Tiren ya kife. Kubura ba ta san ta tashi ba sai da ta ji rana a kanta.

Hajja tana zaune a ƙasa, ta matse Bintu tsakanin ƙafafunta. Gaban rigar yarinyar ya jiƙe sharkaf, ta damƙe idanunta da hannu biyu tana shure-shure. Galan ɗaya yana kwance a gindin benci, ruwansa ya malala a siminti. Ɗayan yana tsaye a gefe. Kusa da Hajja ga turmi, ga kwano da farin ruwa mai kauri, tana motsa shi da yatsa.

"Asid ɗin babanta ta jawo," in ji Hajja. "Ta ɗauka ruwa ne. Zo ki riƙe min hannunta in ɗiga mata kanwa."

A unguwar duk ruwan da ke ƙona fata sunansa asid. Ruwan batir asid ne, maganin wanke ban-ɗaki asid ne, sodar sabulu ma asid ake ce mata. Kuma babu macen da ba ta san kanwa tana kashe tsami ba. In yakuwa ta yi yawa a miya, kanwa ake jefawa. Hajja ta shekara sittin tana girki, abin da ta sani ta yi.

Kubura ta durƙusa ta shafa kumatun yarinyar. Ta murza yatsunta biyu. Santsi, kamar ta taɓa yankakkiyar kuɓewa.

"Hajja, a dakata da kanwar."

"A dakata ido ya tsiyaye? Riƙe min ita na ce."

Kubura ta sungumi yarinyar daga cinyar Hajja. Ba ta taɓa yin haka ba tun ranar suna. Ta kai ta bakin duro, ta yage mata rigar daga wuya, ta ɗebi ruwa da moɗa ta kwara mata a fuska. Ta sake kwarawa. Ruwan yana bin bayan hannun Bintu yana zuba ƙasa, ko ɗigo bai shiga idon ba. Yarinyar ta ƙanƙame, ga ƙarfi kamar babba. Kubura ta ga ba za ta iya ita kaɗai ba. Sai an sami mai riƙe hannu, da mai buɗe fatar ido, da mai zuba ruwa. Su uku ne a gidan, kuma biyun ba sa tare da ita.

Hajja ta taso da kwanon. "Ruwa yaɗa shi zai yi! Ke wace irin yarinya ce?"

Goggo Saude ta fito tana gyara ɗankwali. "Kubura, kin fi ta sanin jikarta ne? Ba ta hanya."

Hajja ta riga ta tsoma yatsu uku a kwanon, ta kama goshin Bintu da ɗaya hannun.

Kubura ta tare da kafaɗa. Idonta ya kai kan robar zoɓo da ke inuwa, taku biyu daga inda take. Ta miƙa moɗar ta ɗebo.

"Hajja, don Allah dubi nan. Ki duba kawai."

Ta watsa zoɓon a kan ruwan da ya malala a gindin benci. Jan ya ɓace a gaban idonsu. Wurin ya koma kore mai duhu, yana yaɗuwa a siminti. Ta sake ɗebowa, ta kwance murfin galan ɗin da ke tsaye, ta karkata shi ya ɗiga a moɗar. Zoɓon ya yi ja wal.

"Wannan na tsayen shi ne na marigayi. Bai zube ba." Ta nuna na kwancen. "Nawa ne ya zube. Soda ce. Ita da kanwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, in kin ɗiga ƙara mata ƙarfi za ki yi. Shi ya nuna min, da bakinsa, a zauren nan."

Hajja ta dubi koren, ta dubi kwanon da ke hannunta. Ita ma ta sha ganin zoɓo ya yi baƙi in kanwa ta taɓa shi. Yatsunta uku suna ɗiga a kan zaninta.

"To in haka ne ai da sauƙi," in ji Goggo Saude. Ta ruga madafi ta dawo da lemun tsami da wuƙa. "Abin da tsami ke kashewa ne. A matsa mata."

"A'a."

"Ke da bakinki kika ce dangin kanwa ce!"

"Goggo, a'a. In suka haɗu zafi suke yi, na taɓa kofin da hannuna. A idonta za su yi faɗan. Ruwa marigayi ya ce."

Goggo ta riga ta yanka lemun. Kubura ta doke hannunta, lemun ya faɗa kwata. Goggo ta buɗe baki, Hajja ta riga ta.

"Saude, riƙe hannun yarinyar."

Hajja ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ture shi da ƙafa ya kife. Suka kwantar da Bintu a kan tabarma, kanta a cinyar Kubura. Goggo ta danne hannuwa. Hajja ta ɗauko buta ta cika. Amma fatar idon ta kumbura, yarinyar kuma ta runtse da iyakar ƙarfinta, tana juya kai hagu da dama.

"Ƙawata, buɗe," Hajja tana kuka. "Buɗe in ba ki alawa. Buɗe, 'yar gidana."

Ba ta buɗe ba. Kubura ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnen yarinyar.

"Bintu."

Goggo ta ɗago kai.

"Bintu, ni ce. Bintu, zan buɗe idonki da yatsana, zai yi zafi, kada ki juya. Kin ji ni?"

Yarinyar ta daina shure-shure. Ta ce, "Adda?" kamar tana tambaya ko wata ce.

"Ni ce."

Kubura ta sa babban yatsa da manuni ta ware fatar idon dama. Ya yi ja jawur, amma baƙin yana nan yana sheƙi. Hajja ta tsiyaya ruwa daga gefen hanci. Suka koma na hagu. Shi ba ya sheƙi. Ya yi hazo-hazo, kamar idon kifin da aka dafa. Kubura ta gani, Hajja ta gani.

Buta ta ƙare aka cika. Ta ƙare aka cika. Kubura ta ce Goggo ta ɗauko wayarta a ƙarƙashin filo ta nemo sunan Patience, wata nas mai sayen sabulunta, tana aiki a sashen ido. Goggo ta kira, ta faɗa mata abin da ya faru, ta kara wa Kubura wayar a kunne.

"Kubura? Mene ne ya shiga ido, asid ko soda?"

"Soda."

"Kin tabbata? Mutanen ku komai asid ne."

"Na gwada da zoɓo."

"To. Soda ta fi ɓarna. Kin sa wani abu? Manja, nono, kanwa?"

"Ruwa kawai."

"Allah ya yi miki albarka. Kar ki taso yanzu. Ki zuba ruwa minti talatin, kar ki tsaya ko tana kuka. Bayan nan ki zo, a hanya ma ki riƙa zubawa. Ina bakin ƙofa ina jiran ku."

Duro ya ƙare. Randar farko ta ƙare. Famfo kuwa ba ranar layinsu ba ce. Goggo ta ce, a hankali, "Ruwan girkin gobe fa?" Hajja ba ta ko dube ta ba, ta tsoma buta a randa ta biyu. Da ita ma ta kai gindi, moɗa tana kankarar ƙasa, Hajja ta je jikin katanga ta ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ta ba, tana kiran matan maƙwabta da sunayensu, tana cewa ruwa, ko na alwala ne a miƙo. Bokitai suka fara haurowa ta kan katanga, wani rabi, wani da ɗan kaɗan a gindi, har da tulun wata tsohuwa. Tsakar gidan ta zama kududdufi. Yatsun Kubura sun ƙage, tafin hannunta inda ta yage rigar ya fara saɓulewa, ba ta ji ba sai daga baya.

Da lokacin ya cika aka tsayar da Keke mai ƙafa uku a bakin lungu. Kubura ta ɗauki Bintu ta nufi zaure. Goggo ta sha gabanta.

"Mai takaba a titi? Ba ni ita, ni da Hajja mu je. Me mutane za su ce?"

Kubura ta tsaya. Kwana talatin da tara ƙafarta ba ta taka zauren nan ba. Ta dubi Hajja.

Hajja ta cire mayafinta ta yafa mata. "Zaman nan ba zai dawo min da shi ba. Ɗauki 'yarki ki tafi."

A cikin Keke Kubura tana riƙe da ido, Hajja tana tsiyaya buta, ruwan yana jiƙa su duka har da mai tuƙin.

Patience ta karɓe su a ƙofa. Aka kwantar da yarinyar, aka ɗiga mata maganin kashe zafi. Patience ta yago wata 'yar takarda siririya ta taɓa gefen idon da ita. Takardar ta koma shuɗiya. Kubura ta gane abin, zoɓon asibiti ne. Aka rataya ledar ruwa aka ci gaba da wankewa. Leda ta ƙare, aka taɓa takarda, shuɗi. Aka sake wata. Sai a leda ta biyar takardar ta daina rikiɗewa.

Likitan ya duba da fitila ya daɗe. Ya tambayi wa ya ce a zuba ruwa. Hajja ta nuna Kubura da haɓa. Ya ce na dama zai warke, ruwan nan ne ya cece shi, da an sa wani abu ban da ruwa da ba a san inda za a tsaya ba. Na hagu kuwa sodar ta zauna a ciki kafin a fara wankewa.

"Minti nawa aka yi kafin ruwa ya shiga?"

Hajja ta dubi ƙasa. Kubura ta ce, "Ba mu duba agogo ba."

An yi sadakar arba'in washegari ba su nan, babu zoɓo. Kwana tara suka yi a asibiti. Bintu ta dawo gida da idon dama garau, na hagu da farin tabo a kan baƙin. Da shi tana gane rana da inuwa, ba ta gane fuska. In za ta dubi mutum sai ta ɗan karkata kai.

Sau ɗaya Hajja ta tayar da maganar, suna tsinkar zogale. Ta ce, "Da na ɗiga kanwar nan, da duka biyun ne ko?"

"Ba ki ɗiga ba, Hajja."

Ita kuma Hajja ba ta taɓa tambayarta abin da ya tsayar da ita a ɗaki ba.

Bayan Kubura ta fita takaba, wata rana da hantsi Hajja ta tafi gaisuwa, Bintu tana makarantar allo. Kubura ta jawo ƙaramin turmin nan, ta ɗauko kanwa dunƙule ɗaya irin ta ranar, ta ajiye waya a gefe tana kallon agogo. Ta yi salati yadda Hajja ta yi, ta daka, ta juye a kwano, ta zuba ruwa, ta motsa da yatsa. Minti bakwai. Tsawon zaman da ta yi a ɗaki ranar ke nan. Ta sake yi, ko ta yi nawa. Minti bakwai da 'yan daƙiƙu.

Ta wanke turmin ta kife. Tana nan zaune ta ji takun yarinyar a zaure, allo yana bugun ƙofa, don har yanzu ba ta saba auna gefen hagu ba.

"Bintu," ta ɗaga murya, ko maƙwabta sun ji. "Bi ta dama. Zo nan in ga idon."